Guzurin Inna zuwa Yawunde

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya kasuwar Kuseri?

Ka kwantar da hankalinka, mun iso Yawunde lafiya. Likitan Garwa ya ce bayan Inna ba zai jure mota da kwanan jirgin ƙasa ba, sai muka bi ta sama. Na ce mata tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ta ce raina mata hankali nake, ta ɗaure guzurin kwana biyu, dambu da kilishi. Tana cikin kwance ƙullin dambunta aka ce za mu sauka. Da ƙafarta ta shiga asibiti, Yaya.

Jibi za a yi aikin, ku sa mu a addu'a. Ka gaida mutan gida. Inna ta ce kilishin naka ne, da hannunta za ta ba ka.

Ƙanwarka,
Maryam