Dutsen Auta da Hannun Baffanta

Baban Auta,

Ina jan kunnenka tun daga layin farko: kada ka ba ni haƙuri a kan ƙanenka. Bayan haka, ina gaishe ka. Ya aiki, ya ciwon bayan? Mu ƙalau muke, ban da zuciyata.

An sa 'yan ajin su Auta su gina dutse mai aman wuta da yumɓu, don baje koli a makaranta. Ita ta zaɓi na duniyar Mars, wanda littafinsu ya ce ya ninka dutse mafi tsawo a duniyarmu fiye da sau biyu. Ta ce mini amansa ruwa-ruwa ne, yana malala kamar zuma a faranti, shi ya sa ya yi faɗi bai yi tsini ba. Kwana huɗu tana lailaya shi a tsohon tiren shayina.

Sai ga ƙanenka, injiniyan da babu wanda ya aika. Ya gan shi yana bushewa a baranda, ya ce wannan ai kashin saniya ne. Muna kasuwa ya jiƙa shi, ya yi masa tsini kamar mazurari. Wai taimako.

Malama ta ce wannan ba na Mars ba ne, ta cire shi daga bajen. Yarinyar nan ta ƙi abinci, ta ce ta bar kimiyya har abada. Wallahi sai na rama mata.

Ka huta lafiya.
Maman Auta

Baban Auta,

Gaisuwa da fatan kana shan maganinka. Na roƙi Malama ta ƙara mana kwana uku. Ƙanenka kuwa na ce ko ya gyara ɓarnarsa, ko ya nemi wata tukunyar da zai riƙa cin tuwo.

Na zaunar da shi a ƙasa da farar rigar ofis ɗinsa, Auta na kan kujera riƙe da rula. Ya karanta shafin Mars na littafinsu da ƙarfi, sannan ya shiga sake gina dutsen. Duk inda ya yi tudu, ta ce Baffa a sake. Sau uku aka rushe. Jiya shi ya ɗauki tiren a ka har cikin aji, ya gaya wa yara talatin cewa kashin saniyar ne daidai. Auta ta ci kwano biyu.

Girma ba ilimi ba ne. Daga yau a gidan nan, babu babban da zai taɓa aikin yaro sai ya karanta littafin, kuma mai aikin ya ce taɓa. Har da kai.

Allah ya dawo da kai lafiya.
Maman Auta