Yashin Tankin Reino

Thunder Bay, farkon watan Yuni

Zuwa ga Arvo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka mai hasashen ruwan sama. Na san waya ta fi sauƙi, amma tun da kunnenka ya riga ka yin ritaya, na gaji da ihu a kicin kamar mai faɗa da firji. Don haka ga takarda.

An sayi gidan. Maija ta yi nasara, zan koma wurinta a Lethbridge a watan gobe. Ka san 'yar yayanka, in ta kafe sai dai a bi. Kujeru da kwanuka duk mai so ya ɗauka. Tankin kifin marigayi mijina Reino ne kawai ba zan bari ba. Jiya ta ce mini, "Mama, kifi ne fa. Akwai shagon kifi a Calgary." Na ce, "Akwai yara ma a Calgary, amma ke na goya." Ta yi dariya, ta ce to a tambayi Baffa Arvo, shi ma ai ciwon kiwon kifin nan ne da shi.

Har yanzu ina shan kofina a gaban tankin kowace safiya. Shuɗiyar fitilar tankin tana kamawa a hankali, murjanin, halittar tekun nan mai rai mai kama da fure, ya fara buɗewa yana lilo, sai in ji falon duka ya nutse, ni da kujerata muna ƙasan wani teku mai ɗumi, alhali a waje iskar tafki na kaɗa taga. Sajan yana nan, ɗan kifin nan rawaya mai tsaron bakin rami, da abokinsa Lebura, jatan landen da ba ya gani sosai. Lebura ya yi ta fito da yashi, gashin bakinsa ɗaya a jikin Sajan, in Sajan ya kaɗa wutsiya su faɗa rami tare. Kusan shekara ashirin Reino ya yi yana gina duniyar nan, ni kuwa shekara biyu ke nan ina riƙe masa ita.

Ka gaya mini yadda ake ɗaukar teku a tsallaka da shi rabin ƙasa. Komai zan kwashe: ruwa, duwatsu, murjani, kifaye da yashi. Za mu kwana wurinka a Winnipeg in ka yarda.

Matar yayanka,
Noreen

*

Winnipeg, Yuni

Noreen,

Gaisuwa. Gwiwa na nan, ta ce a gaishe ki. Ku zo, ɗaki na nan, zan haɗa ruwan gishiri mai ɗumi ya jira ku.

Ki saurara. Ki daina ba kifayen abinci kafin tafiya, don kada su ɓata ruwan da suke ciki. Kowane murjani a ledarsa, a jera su cikin akwatin kula, domin suna harbin juna in sun haɗu, duk kyan nan nasu 'yan faɗa ne. Duwatsu a bokiti, ruwa ya rufe su, masu rai ne, in sun bushe kin ɗauko tsakuwa kawai. Famfon iska mai batir, ki sayi biyu. Bokitan kifi su zauna a cikin mota inda mutane suke, ba a bayanta ba. Tankin kuma babu ɗigon ruwa a ciki, in ba haka ba gilashi zai buɗe a ramin farko na hanyar Kenora.

Yashi kuwa ki bar shi. Wannan ba shawara ba ce. Samansa fari ne, amma ƙasansa ya shekara da shekaru yana tara ƙazanta inda iska ba ta kai. Muddin yana kwance ba ya cutar da kowa. Ranar da aka kwashe shi aka juya, guba ce ke tashi. Na ga mutumin da ya mayar da tsohon yashi a sabon gida, kafin ya gama cin abincin rana komai ya mutu. Ki zuba shi a shara, ki sayi sabo a can. Reino ya san haka, shi ya koya mini.

Teku mai ɗumi a falo. Ke dai ba ki canja ba. Ki duba gishirin ruwan, ki rage mafarki.

Sai kun zo.
Arvo

*

Thunder Bay, ƙarshen Yuni

Zuwa ga Arvo,

Ina gaishe ka da kyau, na kuma gode. Na sayi famfo biyu da bokitai har mai shagon ya tambaye ni ko fenti zan fara sayarwa. Duk abin da ka ce zan yi, ban da ɗaya.

Ba zan iya zuba yashin a shara ba, saboda Reino na ciki.

Ka tuna ranar da muka kai tokarsa, bayan an ƙona gawarsa, maƙabartar cocinmu aka binne kusa da mahaifiyarku. Ba duka aka binne ba, na rage cikin ƙaramin kofi. Da mutane suka watse na dawo gida, na kashe famfon tankin, na naɗe hannun riga, na tura hannu har kafaɗa, na binne ta a ƙarƙashin yashi ta kusurwar hagu, kusa da ramin su Sajan. Shi ya roƙe ni a asibiti, yana dariya, amma da gaske yake. Ya ce, "Nor, ƙasar nan sanyi gare ta. Ki ajiye mini ɗan wuri a inda ruwa ke da ɗumi."

Shi ya sa nake zama a kusurwar hagu. Wani lokaci in Lebura ya fito da yashi ya zubar, sai in ga ƙura 'yar kaɗan ta tashi cikin shuɗin hasken, ta yi yawo, ta sauka a kan murjani. Sai in ce masa barka da asuba. Ban haukace ba, na san abin da nake yi, kuma daɗi nake ji.

Ina son su rayu, ina kuma son in tafi da shi. Kai ne masanin, ka nemo mini hanya.

Taka,
Noreen

*

Winnipeg, Yuli

Noreen,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi kujera.

Ashe shi ne. Gansakukar nan koriya mai kama da gashi da ta rufe duwatsun bayan rasuwarsa, wadda na zo na wuni ina kankarewa da buroshin haƙori ina zagin ruwan famfonku, ashe taki kika zuba mata. Mutumin da ya yi sanƙo tun yana saurayi, sai da ya mutu ya tsiro da gashi, kuma ni ƙaninsa na yi masa aski. Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo. Daga baya ba dariya nake yi ba. Ina kewarsa, Noreen, ban taɓa gaya miki ba.

Ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. Hanya ɗaya ce tsohon yashi ke komawa tanki: a wanke shi da tiyo, a yi ta juyawa ana zubar da ruwan har ya fito fari tas. Wankin yana tafiya da duk wani abu mai laushi. Kin gane abin da nake nufi.

Ki kwashe shi a ƙarshe, bayan kowa ya fita daga tankin. Bokitinsa daban, murfi a rufe gam. Ki taho da shi. Sauran magana sai kin isa.

Arvo

*

Lethbridge, tsakiyar Yuli

Zuwa ga Arvo,

Gaisuwa da godiya marar iyaka, daga ni da Maija. Mun iso. Na gan ka fa, lokacin da ka hana kowa taɓa bokitin yashin, ka ɗauke shi da gwiwar nan, ka ajiye kusa da kujerarka muna cin abinci. Na san da na tambaye ka, za ka ce inuwa ka nema masa.

Bayan mun bar ka ƙasa ta miƙe shimfiɗe, babu tudu babu kwari. Kanola, shukar nan da ake matse mai daga irinta, ta yi fure, rawaya har ƙarshen gani, iska na bin ta tana kwantar da ita tana tayarwa. Maija na tuƙi, famfon iska na ta gunaguni a baya, ruwa na bugun bokitai. Na lumshe ido, sai na rasa ko mu ke ɗauke da teku ko shi ke ɗauke da mu. Wajen Swift Current na yi mafarki motar ta cika da ruwa har rufi, kifaye na wucewa ta gaban fuskar Maija, ita kuwa tana ta tuƙinta. Reino na kujerar baya yana cewa a rage gudu. Da na farka, Maija ce ke cewa, "Mama, taɓa bokitin can, ya yi sanyi?" Bai yi ba.

Murjani ɗaya muka rasa, mai rassa shuɗi, ya yi fari fat kafin mu sauke shi. Sauran sun fara buɗewa. Amma tankin babu yashi, gilashi ne tsirara a ƙasa. Lebura na ta zagaye yana kartar gilashin, yana neman abin haƙa. Sajan ya maƙale a bayan dutse, launinsa ya koɗe, tun da muka zo bai ci komai ba, cikinsa ya shige.

Maija ta sayo sabon yashi, buhun na jingine da bango. Na yanka bakinsa, na kasa zubawa. Gani nake kamar in kwantar da baƙo a gefen gadonsa. Ta ce, "To ki zuba na Baba mana, a huta." Na kai ta gareji na ɗaga murfin. Arvo, baƙi ƙirin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kore mu har waje. Ta toshe hanci, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Wannan ba Baba ba ne, Mama." Na ce, "Shi ne mana, ba ki taɓa wanke safarsa ba ne." Muka yi dariya a bakin gareji, muka ƙare da kuka.

Na san kifin ba zai jira ni ba. Kullum da safe sai in ce yau, sai rana ta faɗi.

Taka,
Noreen

*

Winnipeg, Yuli

Noreen,

Gaisuwa a gurguje, zan kai wannan gidan waya da kaina.

Sajan ba zai ci ba sai yana da rami, kuma irinsa ba sa daɗewa da yunwa. Sabo ko wankakke, duk ɗaya ne a wurinsa. A wurinki ne ba ɗaya ba, kuma ba zan zaɓa miki ba.

Abu guda zan ce. Kin aure shi, amma ni na riga ki saninsa, gado ɗaya muka kwana muna yara, yana ja mini bargo. In izini kike jira daga wani nasa, ga shi na ba ki. Ruwa mai ɗumi ya roƙa, kin ba shi shekara biyu. Bai roƙi bokiti a gareji ba.

In za ki wanke, kada ki yi kusa da furannin Maija, gishiri zai ƙone su.

Ƙaninki,
Arvo

*

Lethbridge, ƙarshen Yuli

Zuwa ga Arvo,

Ina gaishe ka. Na wanke.

A bakin titi na yi, da hantsi, ni kaɗai, na ce wa Maija ta zauna a ciki. Ruwan ya bi gefen kwalta ya shiga magudana. Maija ta ce daga nan kogi yake faɗawa, kogin kuma gabas ya nufa, sai ya bi ta tafkinku na Winnipeg kafin ya kai teku. Ka riƙa dubawa.

Yashin ya koma tanki, fari kamar sabo. Lebura ya fara haƙa tun kafin ruwan ya gama washewa. Yau da safe Sajan ya fito bakin rami ya ci.

Lokacin wankin na sa hannu a bokitin ina juyawa, baƙi ya fita, ruwan toka ya biyo, sannan fari. Na zuba ido sosai don in yi masa sallama, Arvo, amma ban ga lokacin da ya wuce ba.

Ka huta lafiya.
Noreen