Ludayin Farko na Baffa Bobbo

Zongo, Lome, 5 ga Maris 1984

Baffa Bobbo,

Gaisuwa mai yawa. Ya Kumasi, ya ciwon gwiwa?

Baffa, an sa ka a tele, wato talabijin. Wani wasan barkwanci ake nunawa duk Asabar, labarin tsohon Zongo a zamanin Jamus. A ciki akwai ɗan daudu mai tuwo, Na-Lami, kuma Moumouni abokin zamanka ne yake fitowa a matsayinsa. Ya tsufa, amma tawul ɗin nan a kafaɗa da karkace baki wajen ciniki duk naka ne. A shagon Seydou tela muke kallo, unguwa kaf, har da Baba, wanda ya ce shi iska kawai ya fito sha.

Abin da ya ba ni mamaki, Na-Lami ne mai hankalin wasan. Shi yake raba faɗa, shi yake saukar da baƙi. Gida ɗaya suke da abokinsa, kuma ba wanda ya kore su. An ce masu tantancewa na jam'iyya sun ƙyale wasan ne don an liƙa masa waƙar yabon gwamnati a ƙarshe.

Na yi kewarka ƙwarai.

'Yarka,
Mounira

Kumasi, 24 ga Maris 1984

Mounira 'yata,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta.

Wato Moumouni da ko albasa bai iya yankawa ba, shi ne ya zama ni? Ki gaya masa tawul a kafaɗar hagu ake sa shi.

Takardarki ta tayar mini da tsohon Zongo, kafin a tashe mu a kai mu bayan gari. Na tuna rumfata, da iskar teku tana kashe mini wuta, da layin direbobin Nijar tun ban sauke tukunya ba. Na san mutanena. Suna cin tuwona suna hamdala, suna wanke hannu suna neman tsari da ni.

Saboda haka ki faɗa mini gaskiya, ke da kika yi karatun boko a lakwal. Tare da Na-Lami masu kallo suke dariya, ko shi suke yi wa? Babanki fa? Ba ki manta ba, ranar sadakar bakwai ta Inna ya ce kada in ƙara taka gidan. Ina son in ga Lome kafin in mutu, amma ba zan zo in tsaya a ƙofar gidan ubana kamar mai talla ba.

Ki gaida mamanki.

Baffanki,
Bobbo

Zongo, Lome, 16 ga Afrilu 1984

Baffa,

Bayan gaisuwa, ga gaskiyar da ka nema. Duka biyun ne. Samari suna kwaikwayon tafiyar Na-Lami a titi, kuma Moumouni yana zuba yanga fiye da kima don ya samu tafi. Wannan ya ɓata mini rai. Amma mata sun fara cewa Zongo ba ta ƙara samun miyar kuka irin taka ba, kuma a fili suke faɗa.

Ran Asabar da ta wuce abin ya canza. An nuna Na-Lami yana ɗebe ludayin farko na miya kafin ya sayar wa kowa, ya zuba a farin kwano, ya aika wa yayansa da ba ya masa magana. Kullum kwanon yana dawowa ba a buɗe ba, washegari ya sake aikawa. Baba ya tashi ya fita, ya bar takalminsa ɗaya.

Jiya ya tambaye ni adireshinka, na ba shi ina tsoro. Ban san abin da zai rubuta ba.

Allah ya bar mana kai.

Mounira

Zongo, 20 ga Afrilu

Bobbo,

Salamu alaikum.

Moumouni ya yi kuskure. Ba farin kwano ba ne, langa ce shuɗiya mai lotsattsen murfi. Ta ƙarshen kuma ban mayar maka ba, tana ƙarƙashin gadona.

Ka zo ka cika ta.

Yayanka,
Alasan