Naman Gidan Kawu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Yaya Hussaina da mutanen Bungudu?

Na iso Gusau lafiya, na kama aikin girki a gidan abincin ƙanenki, Kawu Isah. Tsohon kantin Turawa ne kusa da tashar jirgin ƙasa, an ce a nan ake auna gyaɗa a zamaninsu. Bango mai kauri, baranda mai sanyi, ma'aikata na cika ta da rana suna cin tuwo. Daga waje gwanin sha'awa.

Amma Inna, madafar ba ta shiguwa. Kyankyasai cikin garin masara, kashin jemage na zubowa daga rufi, ruwan wanke-wanke ɗaya tun safe har la'asar. Na yi magana, Kawu ya ce ba duba-gari ya ɗauko ba. Ga wani wari da na rasa inda yake fitowa.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Mansura.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Ni dai yau kwana nawa abinci ya ƙi shiga cikina.

Na gano warin. Akwai wani ɗaki a baya mai ƙofar ƙarfe, inda Turawa ke kulle kaya, kullum a garƙame. Ranar Litinin na je ɗibar gawayi na tarar da shi a buɗe. Saniya ce kwance, ciki a kumbure, ƙudaje sun rufe idanunta, wuyanta ko alamar wuƙa babu. Lukuman mahauci na feɗe ta. Ya ce a mota ta mutu kan hanyar Tsafe, kuma ba yau aka fara ba. Mushe, Inna! Nan take na fice daga ɗakin.

Na sami Kawu da maganar. Ko kunya bai ji ba, ya ce wuta na kashe komai, in rufe bakina tunda jininmu ɗaya.

Da azahar wani dattijo, Malam Umaru, ya idar da salla ya zauna, ya yi bismilla, ya ce, "'Yata, ƙaro mini nama." Sai na janye kwanon daga gabansa, na faɗa masa gaskiya kowa na ji. Barandar ta watse, wasu na tofar da yawu. Washegari duba-gari suka rufe gidan.

Kawu ya watso mini kayana waje. Ina wurin ƙawata Wasila. Ya rantse zai zo ya gaya miki na tozarta shi. Ki saurare shi, ɗan'uwanki ne, amma ba zan ba shi haƙuri ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi yi mini nauyin rubutawa. Soyayyen naman da yake aiko miki duk Juma'a, daga ɗakin nan yake. In da saura a langa, kada ki ba ko kare. Ki haƙa rami ki binne.

Allah ya yafe mana abin da muka ci ba mu sani ba.

'Yarki,
Mansura.