Hannun Bushayib

Safi, ranar Talata

Zuwa ga Driss,

Gaisuwa irin ta tsofaffin abokai. Ina fatan gwiwarka ta bar ka kana hawa bene.

Mujallarmu Tsatsa ta iso, fitowar cika shekara talatin. Na zauna bakin teku na buɗe, na ga rubutun hannun Bushayib daga bango har bango, sai da na share hawaye. Na ce ashe shanyewar jikin ta sake shi. Ka san tun muna samari, muna kwafar 'yar mujallar nan a shagon kawunka, ni ne almakashi, kai ne gam, shi ne alƙalami. Na ɗauro kifin sardin na hau mota zuwa birnin Kaza in yi masa barka.

Driss, matarsa Zhor ce ke riƙe masa kofin shayi. Hannun damansa yana kan cinya kamar kifin jiya.

To wa ya rubuta?

Naka, Lahsen

Kaza, ranar Asabar

Baba Lahsen,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta, kamar kai.

Ba sai ka aiko 'yan sanda ba. Na ɗauki tsofaffin shafukansa na sa aka koya wa kwamfuta hannunsa. Ina bugawa, tana fitarwa. Shekara biyu ke nan, ba wanda ya kula sai kai da sardin ɗinka. Yaran da ke kiɗan tawayen nan na pank yanzu ba su san ni ba, ba su san ka ba, hannun nan suka sani. Ka koma Safi kana kallon jiragen ruwa, ka bar ni da mujallar ni kaɗai. Da in binne ta?

Kada ka gaya masa. Ka ji tausayinsa.

Driss

Safi, ranar Laraba

Malam Driss,

Gaisuwa, tunda an koya mana ita.

Da ka binne ta, da na zo jana'iza da farin kaya. Ba aron hannun ne ya fi ci mini rai ba. Shafi na tara ne. Doka ɗaya muka taɓa yi a duniya: Tsatsa ba ta yabon wanda ya hau dandamalin da ya wuce gwiwa. Makaɗi ya tsaya ƙasa, a yi gumi tare, mai tofi ya tofa. Bushayib ya rasa haƙori biyu a kan wannan magana a wani gareji. Yau ga hannunsa yana yabon bikin kamfanin waya, mai dandamali kamar hasumiya, har da "mun gode wa masu ɗaukar nauyi". Ka sa gurgu ya yi rawar da ya ƙi yi yana da ƙafa.

Ka makara. Na bar masa mujallar a kan tebur tun ranar da na je.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Lahsen

Kaza, ranar Litinin

'Yan'uwana Lahsen da Driss,

Sallama. Wasiƙa ɗaya ce na kwafa biyu, irin aikinku.

Bushayib ya karanta shafi na tara. Ya daɗe a kai. Ya ce ku zo ranar Juma'a, ku biyun, akwai kuskus. Ya ce Driss ya taho da kwamfutar.

Ya kuma sa na ɗauko masa guduma daga ɗakin ajiya. Ban tambaya ba. Hannun hagunsa dai lafiyarsa lau.

'Yar'uwarku, Zhor