Shafukan da Kike Tsallake Mini

Zuwa gare ki, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, ruwan sanyin tsakar ranata, amaryar da furfura ta ƙara wa kyau, uwar 'ya'yana,

Kada ki yi wa mijinki dariya don ya rubuto miki wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninmu. In na tsaya gabanki da wannan magana, kallo ɗaya za ki yi mini ta saman tabarau, in haɗiye ta. Shi ya sa na kama biro, ga rubutun nan ɓaro-ɓaro kamar sawun agwagwa.

Ina zarginki, masoyiyata. Ina zarginki da ha'inci a karatu!

Tun da ƙananan baƙaƙe suka daina tsaya wa idona, kika ɗauki nauyin karanta mini littattafan zamanin nan da autarmu ke jibgo miki. Da yamma ki zauna bakin gado, ki saki muryar nan da ta fi ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa daɗi. Kin tuna faɗanmu a kansu? In ce saurayin nan na cikin labarin sakarai ne, ba ya aikin komai sai danna waya da huci, ki ce, "Malam, da takarda kake kishi?" Mu yi ta dariya har tari ya sarƙe ni. A lokacin ana mutuwa a littattafan, ana rabuwa, ana karaya, mu yi jimaminmu tare.

To, yanzu fa? Littafi bayan littafi, babu wanda ya ko yi tuntuɓe! Tsohon direban nan da muka bari jiya a gadon asibiti, numfashi sama-sama, iyali sun kewaye shi, ina juyawa sai ga shi yana wanke mota yana fito. Wane magani marubuciyar ta ba shi? A taimaka mini da sunansa mana!

Ni fa a jikin kakata na girma, da tatsuniya aka yaye ni. In ta zo inda kura za ta cinye ɗan akuya, ta ga idona ya cicciko, sai ta yi ɗan tari ta kauce da labarin. Ke ba kya tari. Yatsa kike lasa, takardu su wuce a dunƙule, muryarki ta yi sauri kamar mai tsallake kwata, sai ki ƙirƙiro naki ki cike gurbin. Kin manta kafinta kika aura? Inda aka yanke katako aka haɗa, ko an shafe da fenti, hannuna yana jin wurin.

Na kuma san ranar da abin ya fara: ranar da likita ya bar ni a kan benci, ya kira ki ciki ke kaɗai. Kika fito da murmushin da bai kai ido ba, kika ce, "Hutu kawai ya ce kana buƙata."

Haba, tauraruwar asubata! Ni da na binne iyayena, ni da na riƙe hannunki ranar da muka rasa ɗanmu na fari, ni za a ɓoye wa shafi? Mutuwar direba ba ta ba ni tsoro, tawa ma haka. Abin da ke cin raina shi ne kin karanta ke kaɗai, kin yi kukanki ke kaɗai a bayan ƙofar kicin, kin wanke fuska kin dawo mini da shayi. Yaushe muka fara raba kuka, naki daban nawa daban?

Ina roƙonki, sanyin idona, yau ki koma inda muka bar bawan Allahn nan kwance, ki karanta mini daki-daki, kada ki rage ko wasali. In kin gama, ki rufe littafin, ki faɗa mini abin da likita ya ce, yadda ya faɗa. Na yi alkawari ba zan katse ki ba, duk da kin san halina. In muryarki ta ƙi fita, zan jira ta. Babu inda zan je tukuna.

Naki tun ranar farko, naki a duk abin da ya rage, da yawansa da ƙarancinsa,

Mijinki mai taurin kai