Ƙaryar da na yi a bidiyon tallan makarantar kawuna

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a sassauta mini, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Lamashegu ce a nan Tamale. Na gama digiri na zauna babu aiki, sai kawuna, ƙanin Mma mahaifiyata, ya ce in zo makarantarsa kyauta in yi kwas na tsaron intanet da binciken kwamfutocin ma'aikatu. Na tafi da murnata. Ga abin da na tarar. Malamin karanto mana abin da ke allo kawai yake yi, in an yi tambaya ya ce za mu zo wurin, har muka gama ba mu zo ba. Rabin kwamfutocin matattu ne. Makarantar da ke koyar da tsaro, amma hotunan katin shaidarmu a guruf ɗin ajinmu na waya ake zubawa, kowa yana gani. Ranar jarrabawa malamin da kansa ya turo amsoshi, muka kwafe muna cin gyaɗa, aka ba mu satifiket mai ruwan zinariya. Da na je intabiyu a wani banki, aka ajiye mini kwamfuta aka ce in nuna ta inda ɓarawo zai iya shiga. Na yi ta kallonta har mutumin ya ce, "Madam, mun gode."

Wannan duk mai sauƙi ne. Kawu ya kira ni ya ce za a ɗauki bidiyon talla. Na ce, "Kawu, me zan faɗa? Ban samu aiki ba." Ya ce, "Ki ce daga gida kike yi wa wani kamfanin Turai aiki. Ai fatan alheri kike yi wa kanki." Na sa kwat ɗin aro, na yi murmushi, na faɗa. Bidiyo ya zaga gari. Yanzu kullum da safe sai in buɗe laftof a tsakar gida, Mma tana korar yara wai ina aiki da Turawa, alhali mayafai nake tallatawa a ɓoye. Wace irin rayuwa ce wannan?

Sai ga Rukayya, 'yar aminiyar Mma da ke Sabonjida, yarinya mai ƙoƙari da ta samu gurbi a makarantar nas. Ta zo da uwarta, ta ce, "Sista, na fasa nas ɗin, irin naki zan yi." Na ce ai nas ma aiki ne mai kyau. Ta yi dariya ta ce, "Ko ba kya so in kamo ki ne?" Uwarta ta kama hannuna ta ce ta ba ni amanarta.

Na samu Kawu a ofis yana sakace, na roƙe shi ya ce wa Rukayya babu gurbi. Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "In kin buɗe baki, ke za a fara kira maƙaryaciya. Fuskarki ce a bidiyon, ba tawa ba." Wannan ne mutumin da nake durƙusawa in gaisar?

A makon nan makarantar nas za ta rufe karɓar sababbin ɗalibai. In na yi magana, asirina ya tonu, Mma ta kasa ɗaga kai a unguwa, zumuncinta da ƙaninta ya lalace. In na yi shiru, na kashe wa yarinya karatu da bakina. Ɗazu Rukayya ta turo saƙo wai in raka ta rajista a makarantar Kawu jibi, don a san ƙanwata ce. Har yanzu ban ba ta amsa ba.

Jama'a, ku dubi Allah ku gaya mini, me zan yi?